Ranar da Na Kai Dokin Yaya Habu Madabo

Na sha wahala a hannun Yaya Habu, wannan ba sai na ɓoye wa kowa ba. Yana raye na sha, ya rasu ma bai bar ni na huta ba sai da ya ƙara min kwana biyu. An ce in rubuta abin da na tuna game da shi, wai tunda ni ne ƙanensa kuma ni na fi kowa yawo da shi. Ni ba ɗan boko ba ne, aji huɗu na tsaya, acaɓa nake yi. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, babur ɗina ma haka yake tafiya.

Ku da kuka san shi a Koki kun san zauren nan da ya mayar shagon ɗinki. Keke a dama, allon dara a hagu a kan wani ɗan teburi mai ƙafa uku. Ba darar gida ba, darar Turawa mai sarki da sarauniya da dawaki da giwaye da soraye, wadda suke kira ces. Wani likita ɗan Sudan da yake yi wa ɗinki ne ya koya masa tun muna samari, da zai koma ƙasarsu ya bar masa allon. Kullum da safe, kafin ya taɓa almakashi, sai ya tsaya a kan allon nan, allura a bakinsa, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

"Sarki, an tashi lafiya? Doki, ya kunnen?"

Don ɗaya daga cikin baƙaƙen dawakin kunnensa ya karye tun ban yi aure ba. Soro ɗaya kuma ya ɓata, sai ya ɗauko tsohon kwarkwaron keke ya sa a gurbinsa. An yi an yi ya sayi sababbi, ya ce kwarkwaron bai taɓa kawo masa ƙorafi ba. 'Yan ƙananan nan takwas da ke jere a gaba, a da soja yake kiransu. Ranar da soja suka miƙa mulki suka koma bariki ya ce daga yau sunansu talakawa, tunda dai su ake turawa gaba a fara ci.

Wani dattijo a layinmu ya taɓa tsayawa a bakin zaure ya ce, "Malam Habu, anya abin nan ba caca ba ce?"

Yaya ko ɗago kai bai yi ba. "Alhaji, shekara talatin ina yi, ko ɓarin goro ban taɓa ci ba. In caca ce, to ni ne ɗan cacar da ya fi kowa rashin sa'a a Kano."

Maganarsa guda ce, kun san ta: "Ba a tashi ba tukuna." A wasan nan in mutum ya ga ba shi da mafita sai ya kwantar da sarkinsa, ya ce na sallama. Yaya bai taɓa kwantar da sarki ba. Ko an cinye masa komai, saura sarki tsirara yana zagaye allo, sai ka ji, "Ba a tashi ba tukuna." Mai ɗinki ya zo da masifa a jajiberin sallah riga ko yanka ta ba a yi ba, amsar ke nan. Likita ya ce jininsa ya hau, ya rage gishiri, amsar ke nan.

Shagon intanet ne ya jawo min. 'Yan shekaru bayan dawowar farar hula, Malam Garba Akawu, wanda ya yi ritaya daga buga tafireta, ya buɗe shago mai kwamfuta biyar a wajen Ƙofar Nassarawa. Shi ma yana ɗan taɓa darar, kuma shekara da shekaru Yaya yana lallasa shi. Shi ya zo ya ce, "Malam Habu, ka isa da cin mu haka. Zo ka ga duniya. A cikin akwatin nan akwai mutane daga ko'ina suna jiran abokin wasa."

Na goya shi muka je. Ya zauna, ya dubi maus, abin nan mai igiya da ake turawa a kan teburi, ya ɗan taɓa shi da yatsa. Wata 'yar kibiya ta tsere can saman gilashin kwamfutar. Ya janye hannunsa.

"Ni ba na riƙe abin da yake gudu kafin in sa shi. Sule, zauna. Kai ka saba da abin da ba shi da birki."

Daga ranar na zama hannunsa. Babu wanda ya tambaye ni ko ina so.

Malam Garba ya haɗa shi da wani mutum, wasan minti biyar-biyar. Mutumin ya turo talakansa. Na ce, "Yaya, me zan tura?"

"Tsaya tukuna. Ya yi sallama?"

Malam Garba ya ce, "Malam, a nan ba a sallama."

"To daga wane irin gida ya fito? Rubuta masa: ina kwana, ya iyali, ya sanyi a wajensu."

"Agogo fa yana tafiya!"

"Ka tambaye shi ya mai jiki, in akwai."

Malam Garba ya buga. Mutumin ya amso da kalma ɗaya, wai ma'anarta yi wasa. Yaya ya gyara hula, ya shiga kallon allo irin kallon da ya saba, wanda kan ɗauki tsawon dahuwar wake. Kafin ya yi taku na uku kwamfuta ta yi wani ɗan kuka.

"Me ya faru?"

"An ci ka, Malam. Lokacinka ya ƙare."

"Wa ya ci ni? Ga sarkina nan zaune, ko gumi bai yi ba!"

Har muka iso Koki yana faɗa a bayana, wai cin agogo ba ci ba ne, sata ce da rana tsaka. Amma na lura abin ya yi masa ciwo. Ya fi son a kashe masa sarki sau goma da a ce lokaci ya cinye shi yana zaune.

Duk da haka bai daddara ba. Wata rana ya matse wani, saura taku biyu ya gama da shi, sai aka kira azahar. Ya miƙe yana naɗe hannun riga. Na ce, "Haba Yaya! Taku biyu fa! Agogo ba ya jira."

Ya ce, "Wanda ya kira ni yanzu ya fi agogo. In mutumin kirki ne zai jira."

Muka dawo, bai jira ba. Yaya ya ce, "Ka gani ko? Tun daga takunsa na farko na san ba shi da tarbiyya."

Gidajen allon nan sittin da huɗu kowanne yana da suna, harafi da lamba. Malam Garba ya yi ya yi da ni, kaina ya ƙi ɗauka. Yaya ya ce a bar masa ni. Ya zaunar da ni mako guda a zaure ya raɗa wa kowane gida sunan unguwa ko ƙofa: nan Mandawari, nan Yakasai, nan Jakara, nan Dala, can ƙurya Ƙofar Mazugal. Gidan da ke da tabon shayi, inda ya taɓa ajiye kofi ya manta, shi ne Madabo. Ya ce, "Kai ɗan acaɓa ne. In na ce ɗauki giwa a Mandawari ka sauke ta a Yakasai, ai ba ka ɓata ba." Kuma ban ɓata ba. Har yau in fasinja ya ce Madabo, tabon shayi nake fara gani.

To a shagon nan ne ya gamu da mutumin da ya hana mu sakat. Malam Garba ya nuna masa wasan wani da suke kira giranmasta, wato gwanin gwanaye, daga wata ƙasa mai sanyi. Mutumin yana wasan minti ɗaya, hannunsa kamar walƙiya, jama'a daga ƙasashe suna kallo. Yaya ya zuba ido. Malam Garba ya ce zai buga masa wasannin a takarda, ya ce a'a, ga ƙyalle yana zubewa a banza a shagonsa. Da allin ɗinki yake kwafe su a kan guntayen yadi, ya je gida ya sake jera su a allonsa, ɗaya bayan ɗaya, ɗinkin mutane yana jira.

Bayan wata biyu ya ce, "Yaron nan gwani ne. Amma yana da gyara."

Malam Garba ya kusa shaƙewa da ruwan da yake sha. "Malam Habu! Irinsa fa a duniya ba su da yawa."

"To shi ya sa babu mai faɗa masa gaskiya. Buɗe wajen wasiƙa."

Ya raɗa masa suna Gaggawa. Ga abin da ya ce a rubuta, ina wajen:

"Bayan gaisuwa mai yawa. Na ga wasanka, Allah ya ba ka hannu. Amma kana taku kamar wanda ya baro tukunya a wuta. In aka miƙo maka abu sai ka cafke, ba ka tambayar me ya sa aka ba ka. Kuma da ka hango nasara sai ka kwashe mutanenka duka ku fice, ku bar sarki a gida shi kaɗai kamar tsohon da aka manta ranar biki. Ɗinki irin naka ranar sallah yake kyau, wanki biyu ya kwance."

Malam Garba ya ɗan ƙwanƙwasa, ya ce ya gama. Yaya ya leƙa.

"Na yi maganar da ta cika zaure, ka buga layi biyu? Me ka ce masa?"

"Na ce kana sha'awar wasansa ƙwarai."

"Goge! Ni zance ka ga na je? Sa tukunyar. Sa tsohon ma."

Kowace Juma'a sai an aika wasiƙa. Wannan makon a ce masa ya cika son sarauniyarsa, wancan makon a ce ya raina talakawan gefe. Shiru, babu amsa. Na ce, "Yaya, don Allah ka bari. Mutumin nan zai ɗauka duk mutanen Kano haka suke." Ya ce da haka suke da an ji daɗi.

Sai ga amsa wata safiya. Gajeriya ce. Malam Garba ya karanta sau biyu yana goge tabarau, sannan ya fassara: "Tela, na karanta duka. Zo ka gwada min. Tunda ba ka son sauri, kowane taku kwana uku."



Ga yadda muke yi. Yaya shi ne mai baƙaƙe. Ya daina zuwa shagon, ya ce ƙarar janareta tana kore masa tunani. Ni zan je in ga takun Gaggawa in kawo masa. Zai jera a allonsa, ya kwana biyu yana kallo, sannan ya rubuta min a guntun yadi: kaza daga unguwa kaza zuwa unguwa kaza. In koma in tura. Shi kuwa Gaggawa, wallahi ban taɓa kaiwa bakin ƙofar shagon ba amsarsa ba ta iso ba. Kwana uku aka ba shi, ko minti uku bai taɓa ci ba. In na faɗa wa Yaya sai ya girgiza kai ya ce, "Bai ji magana ba."

Wata huɗu ana abu ɗaya. Labari ya bazu, a ƙofar masallaci sai ka ji, "Sule, ya ake ciki da Baturen?" Malam Garba ya ce abin mamaki, babu wanda ya fi wani a allon. Ni dai abin da na sani shi ne duk ranar da zan tura taku ba na iya karyawa.

Ranar da nake tsoro kuwa ta zo. Yadin ya ce giwa daga Mandawari zuwa Yakasai. Na danne ta, na jawo ta, maus ɗin nan ya cije a hanya saboda datti, yatsana ya saki. Giwa ta sauka a Jakara. Kafin in ce innalillahi Gaggawa ya cinye ta.

Na fi rabin awa a kan babur a ƙofar gida na kasa shiga. Da na faɗa masa ya cire allurar daga bakinsa, ya dube ni.

"A Jakara?"

"A Jakara, Yaya."

"Duk faɗin Kano, ka rasa inda za ka sauke min giwa sai cikin kwata?"

Washegari Malam Garba ya zo da kansa da murna. Ashe Gaggawa ya rubuto, ya ce ya gane zamewar hannu ce, in ana so a mayar da takun baya. Na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Yaya ya ce a'a.

"Ka yi masa godiya, ka ce ashe yana da tarbiyya. Amma abin da aka taɓa an taɓa. Hannun Sule hannuna ne."

Bai sake tayar da maganar ba. Sai da sallah ta zo ya ɗinka min riga, shadda mai kyau, na sa na tafi idi. Na kai hannu aljihu, babu. Na laluba ɗaya gefen, babu. Ashe a baya ya manna min shi, daidai tsakiyar gadon baya. Na dawo ina huci.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Na nufi Yakasai ne," in ji shi, "hannu ya zame."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma a raina na rantse hannuna ba zai sake cutar da shi ba. Giwa guda ya rasa saboda ni, ya ci gaba da fafatawa a haka, kullum Malam Garba yana cewa ya kamata a sallama cikin mutunci, kullum amsar ita ce wadda kuka sani.

Ranar wata Laraba da ƙarfe goma na safe Gaggawa ya fito da sarauniyarsa ya cinye wani talaka a gefe. Na kai wa Yaya. Ya jera, ya daɗe yana kallo, sai na ga yana murmushi. Ya ce, "Ya kwashe kowa ya fita."

Alhamis da asuba muna fitowa daga masallaci ya riƙe min hannu. "In ka gama ɗaukar 'yan kasuwa ka biyo, akwai saƙo. Yau yaron nan zai zauna."

Ban kai ga biyowa ba. Da hantsi aka tare ni a hanya aka ce ya faɗi a kan keke. Kafin in iso rai ya yi halinsa. Bayan azahar muka kai shi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar ko tunanin dara ban yi ba. Sai Juma'a da safe, muna zaune a tabarmar makoki, Malam Garba ya matso kusa da kunnena.

"Sule, agogon Malam yana tafiya. Gobe Asabar ƙarfe goma zai ƙare."

Na waiwaya hagu. Babu teburi, babu allo. An kwashe komai na zauren an shimfiɗa tabarmi. Mutane suna ta shigowa suna "Ya haƙuri," ina amsawa, idona yana kan inda teburin yake. Da aka ɗan sarara na zazzage buhun guntayen yadi gaba ɗaya, na duba ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin saƙonni ne kawai. Bai kai ga rubuta na ƙarshen ba.

Malam Garba ya ce hanya uku ce. Ko a bar agogo ya cinye, ko a sallama a madadinsa, ko shi ya zaɓo wani taku mai lafiya a tura. Na ce agogo dai ba zai ci Yaya yana kabari ba, ya sha cinsa yana raye. Sarkin da bai taɓa kwantarwa ba kuma ba ni zan kwantar masa ba. Taku mai lafiya kuwa na Malam Garba ne, ba nasa ba, kuma shekara talatin Yaya yana cin mai takun. Yaya da bakinsa ya ce akwai saƙo. Ni aka ba wa aikin kaiwa, kuma na taɓa zubar masa da ɗaya.

Bayan la'asar na shiga cikin gida wajen matarsa, Yaya Rabi. Ku da kuka san gidan kun san ba ta taɓa ƙaunar allon nan ba. Ta sha cewa tuwo nawa ya huce a kansa, ɗinki nawa aka ƙwace saboda shi. Na tsuguna a bakin ƙofar ɗaki, na yi mata gaisuwa, na rasa ta inda zan fara.

Ta ce, "Faɗi abin da ya kawo ka, Sule. Tun safe ake ce min kana tona shara."

"Yaya, allon nan. Wa ya kwashe?"

"Ni. Kafin a fito da gawarsa na kwashe. So kake malamai su zo gaisuwa su tarar da 'yan gumaka a jere, a tafi da shi a baki? Yana ƙarƙashin gado."

Na dafe kai. Na ce shi ke nan, an gama. Na yi mata bayanin agogo da saƙon da bai rubuta ba.

Can ta ce, "Dokin ne."

"Na'am?"

"Mai karyayyen kunnen. Laraba da yamma da na share yana nan gefen kwarkwaro. Jiya da na kai masa koko na gan shi a kan tabon shayi. Sauran duk suna inda suke."

"Yaya, kin tabbata?"

"Shekara talatin ina goge allon nan da ƙyalle, ina bi ta tsakaninsu, ban taɓa gusar da ko ɗaya ba, don in na gusar gidan nan ba ya zaunuwa. Ban san sunansu ba, ban san me suke yi ba. Amma na san inda kowa ya kwana." Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ya ce min, Rabi, yau ki sa min sukari da yawa."

Doki daga Dala zuwa Madabo. Na fito da sauri na samu Malam Garba, ya zana allon a takarda ya sa dokin a inda na ce. Ya duba, ya sake dubawa, ya cire tabarau.

"Sule, wannan ba taku ba ne, kyauta ce. Talakan Gaggawa yana daidai wajen, zai cinye dokin a banza. An rasa giwa, a ƙara da doki? Ko dai Hajiya Rabi ta ruɗe, ga tashin hankali, ko kuma jinin ya riga ya hau kan Malam lokacin da ya ajiye shi. Ko gwiwar hannunsa ce ta ture shi da zai faɗi. In ka tura wannan, abin da za a tuna shi da shi ke nan."

Na koma ciki, na sake tsugunawa. "Yaya, ko dai da ya faɗi ne ya ture?"

"Kokon kafin ya faɗi na kai, ko bayan ya faɗi? Tashi ka ba ni waje, Sule."

Na tashi.

Washegari Asabar ita ce sadakar uku. An ce ƙarfe takwas za a yi addu'a, liman bai iso ba sai takwas da rabi, kuma ya zo da doguwar nasiha a kan haƙuri. Ina zaune a sahun gaba, ni ne ƙanen mamaci, ba dama in motsa. Kowa yana amin, ni ina amin ina satar kallon agogon wanda ke kusa da ni. Allah ya yafe min. Ana shafawa, tara da kwata, na zame ta bayan masu rabon waina, na goya Malam Garba muka kama hanya. A Ƙofar Nassarawa wata motar itace ta mutu a tsakiyar titi, sai ta gefen kwata na bi, Malam Garba yana salati a bayana. Muka buɗe shago, babu wuta. Janareta ya ƙi tashi, sai a ja na bakwai. Kwamfuta ta yi ta kukan haɗa layi kamar ba za ta gama ba. Da allon ya bayyana, saura minti goma sha ɗaya.

Na juya maus, na ciro 'yar ƙwallon da ke cikinsa, na goge ta tas da bakin rigata, na hure ramin, na mayar. Rigar mai aljihu a baya ce a jikina, ita na ga dama in sa.

Malam Garba ya dafa kafaɗata. "Ka matsar da sarki gida ɗaya kawai, Sule. Babu wanda zai zarge ka."

Na dubi dokin. Ni ban iya dara ba, unguwanni kawai na sani. Amma ina wajen aka rubuta wasiƙar farko, kuma na tuna abin da ta ce: in aka miƙo maka abu sai ka cafke, ba ka tambayar me ya sa aka ba ka.

Na yi bismillah. Na danne doki a Dala, na riƙe wuyan hannuna na dama da na hagu, na ja shi a hankali kamar na ɗauko mai naƙuda. Sai da na ga ya zauna daram a Madabo sannan na saki.

Na miƙe na nufi ƙofa yadda na saba, ina jiran ɗan kukan da kwamfuta take yi in amsa ta zo. Na kai bakin ƙofa. Shiru. Na taka waje, na dawo. Shiru.

"Ko layi ya yanke?"

Malam Garba ya duba. "Layi lafiya. Ga shi nan ma, fitilar gefen sunansa a kunne. Yana gani."

Muka zauna. Minti goma. Rabin awa. Mutumin da bai taɓa cin minti uku ba. Malam Garba ya matso da fuskarsa har tana neman taɓa gilashi, yana bin layin allon da yatsa, leɓensa yana motsi. Can ya koma baya a hankali.

"La ilaha illallahu. Sule, dokin ya tashi ya buɗe wa kwarkwaro hanya. In Gaggawa ya ci dokin nan, kwarkwaro zai sauka har cikin ɗakin sarkinsa, kuma babu kowa a gida." Ya goge ido da bayan hannu. "Sauran ban gama gani ba. Ya fi ƙarfina."

Awa biyu muka yi, Gaggawa bai motsa ba. Ya zauna, kamar yadda aka ce zai zauna.

A nan ne kukan da ban yi a maƙabarta ba ya zo min, a gaban kwamfuta, janareta yana ta ruri. Allah ka ji ƙan Yaya Habu. Ka yafe masa ɗinkin da ya makara da tuwon da ya huce. Bai taɓa barin kiranka ya jira ba, ya Allah kada ka bar shi yana jira. Ka haskaka kabarinsa, ka ba Yaya Rabi haƙuri, mu kuma ka kyautata namu zuwan.

Malam Garba ya jawo allon rubutu. "In sanar da shi Malam ya rasu?"

Na ce, "Za mu faɗa masa. Bari ya gama tunani. Ba a tashi ba tukuna."

Aka kira azahar a masallacin bakin ƙofa. Na naɗe hannun riga na fita, na bar masa agogonsa yana tafiya.